Ka manta kalmar sirrin Wi-Fi? Hanyoyin gano ta a waya, da wadda ya kamata ka fara bi

A yawancin gidaje da shagunan da ke da Wi-Fi a Kaduna, mutum ɗaya ne ya saka kalmar sirrin ranar da aka kawo rauta ko MiFi, wato akwatin da ke raba intanet, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake bi ta kanta. Wayoyin gidan duk sun haddace ta, kana sako ƙafa a zaure za su haɗu da kansu. Sai ranar da aka sayi sabuwar waya, ko aka kawo talabijin mai hawa intanet, ko wani ɗan'uwa ya sauka daga Zariya yana son tura saƙo, sannan a fara kallon-kallo. Yaron da ya saka ta ya tafi bautar ƙasa, ko ya koma makaranta, ko kuwa yana nan amma shi ma ta kwanta masa.

Kalmar ba ta ɓata ba. Duk wayar da ke hawa Wi-Fi ba tare da an danna mata komai ba, tana ɗauke da kalmar a cikinta, in ba haka ba da ba ta hau ba. Abin da ya rage shi ne ta inda za a fito da ita. Hanyoyin suna da dama, amma ba darajarsu ɗaya ba. Wata minti guda ce kuma ba ta taɓa komai, wata za ta sa ka sake saita kowace na'ura a gidan, wata kuma tana iya jawo maka asarar da ta fi kuɗin data na shekara. Don kada in ja ka da nisa, ga matsayata: fara da saitin wayar kanta, in bai ba ka ba ka nemi wata na'urar da ke kan wannan Wi-Fi ɗin, sannan ka je kan rautar. Manhajojin da ke alƙawarin nuna kalmar sirri, da kuma yi wa waya rutin, wato karya shingen da ke kare cikin tsarinta, ka bar su a inda ka gan su.

Kafin ka taɓa komai, tambayi kanka abu biyu. Ganin kalmar kake so da idonka, ko kuwa haɗa wata waya kawai? Mutane da yawa suna shan wahalar neman haruffan alhali buƙatarsu ita ce wayar baƙo ta hau, kuma wannan yana yiwuwa ba tare da kowa ya karanta komai ba. Amma in talabijin ne, ko firinta, ko kyamarar tsaro, ko laftof, to galibi sai an ga haruffan, domin da hannu za a rubuta su. Tambaya ta biyu: akwatin naka ne, ko na gidanku, ko na shagonka? In naka ne, ko wayoyi duka sun gaza kana da mafita. In na wani ne da ya taɓa haɗa ka, iyakarka abin da wayarka ta adana, da kuma bakinka na tambaya. Babu wata hanya a nan da za ta ba ka kalmar sirrin Wi-Fi ɗin da wayarka ba ta taɓa hawa ba, kuma ba don wannan na yi rubutun ba. Datar maƙwabci kuɗinsa ce, shan ta ba da saninsa ba cin haƙƙi ne, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da ta yi magana a kan shiga kwamfuta ko hanyar sadarwar wani ba da izini ba.

Masu Android

Su ne mafi yawa a garin nan, kuma su suka fi samun sauƙi, muddin wayar tana kan Android 10 ko abin da ya biyo bayansa. A 2019 wannan sigar ta fito, kuma ita ta zo da raba Wi-Fi ta lambar QR, zanen nan mai kusurwa huɗu mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari. In ba ka san sigar da wayarka take kai ba, shiga Settings, ka nemi About phone, za ka ga lambar.

Aikin kansa gajere ne. Ka shiga Settings, ka buɗe ɓangaren Wi-Fi, wanda a wasu wayoyin yake ƙarƙashin Network & internet, ka danna sunan Wi-Fi ɗin ko ɗan zanen giya, wato tayar nan mai haƙora, da ke gefensa, sai ka nemi Share. Wayar za ta nemi yatsanka ko lambar buɗe wayar, don ta tabbatar kai ne mai ita. Daga nan zanen QR zai bayyana. A wayoyin da ke tafiya da Android yadda Google ya yi shi, irin su Pixel da Motorola, kalmar sirrin tana rubuce ɓaro-ɓaro a ƙasan zanen. Kuma a irin waɗannan akwai jerin da ake kira Saved networks, inda duk Wi-Fi ɗin da ka taɓa hawa yake. Kana zaune a gida a Kawo za ka iya duba kalmar sirrin rautar shagonka na Kasuwar Barci, ba sai ka je kusa da ita ba.

Inda ake samun ruɗani shi ne kowane kamfani yana lulluɓe Android da nasa tsarin. Tecno na da HiOS, Infinix na da XOS, su biyun da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin. Samsung na da One UI. Redmi da sauran wayoyin Xiaomi sun daɗe da MIUI kafin su koma HyperOS, kuma su tun kafin Android 10 suna da raba Wi-Fi ta QR. Saboda haka sunan maɓalli yana bambanta, wurinsa yana bambanta, kuma wasu wayoyin zanen kawai suke nunawa, babu haruffa a ƙasansa. A Samsung, Connections za ka shiga, sai Wi-Fi, sai giyar da ke gefen wanda kake kai, za ka ga QR code a ƙasa. Sababbin sigoginsu sun sa ɗan zanen ido kusa da kalmar sirrin, ka danna ta bayyana. Tsofaffin kuwa zanen kaɗai ne, shi ma na Wi-Fi ɗin da kake haɗe da shi a lokacin.

In zanen kaɗai ka samu, kada ka ce ka tashi a banza, domin kalmar tana cikinsa. Lambar QR ta Wi-Fi ba wani ɓoyayyen sirri ba ce, layin rubutu ne guda da aka mayar zane. Yana farawa da WIFI, sai harafin S da sunan Wi-Fi ɗin, harafin T da irin makullin tsaronsa, harafin P kuma abin da ke biye da shi shi ne kalmar sirrin, ba a sauya mata ko harafi ɗaya ba. Ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka buɗe hoton da Google Lens, wanda yake cikin manhajar Google da kuma Google Photos a yawancin wayoyi, zai karanto maka sunan da kalmar. In kuwa haɗa wata waya ne burinka, ko wannan ba ka buƙata: mai wayar ya buɗe kyamara ko ɗan zanen QR da ke wajen ƙara Wi-Fi, ya haska a kan fuskar wayarka, shi ke nan ya hau.

Abu biyu nake roƙo a nan. Kada ka ɗora hoton zanen a shafukan intanet da ke cewa suna karanta QR kyauta, domin kalmar sirrin gidanka da sunan Wi-Fi ɗinka kake miƙa wa wanda ba ka sani ba. Kuma da ka gama ka goge hoton. Hotunan fuskar waya su ne suka fi saurin sulalewa zuwa WhatsApp bisa kuskure, kuma yara masu karɓar waya don kallon hotuna sun san abin da zanen yake nufi fiye da iyayensu.

A ganina babu hanyar da ta kai wannan. Ba ta cin ko kwabo, ba ta buƙatar data, ba ta cire kowa daga kan layi, kuma ba ta sa ka miƙa wayarka ga kowa. Rauninta ɗaya ne: tsohuwar waya mai Android 9 zuwa ƙasa galibi ba ta da ita.

Masu iPhone

A nan shekarun wayar ne ke yanke hukunci, kuma abin lura ne a Kaduna, inda iPhone ta hannu ta fi sabuwa yawa. Apple ya makara wajen bari mutum ya ga kalmar sirrin Wi-Fi ɗinsa: sai da iOS 16, siga ta 16 ta tsarin da iPhone ke tafiya da shi, ya fito a Satumban 2022. Amma da ya zo, ya zo da tsari mai kyau. Ka shiga Settings, sai Wi-Fi, ka danna ƙaramin harafin i da ke cikin da'ira a gefen sunan, ka taɓa ɗigo-ɗigon da ke gaban Password. Wayar za ta duba fuskarka ko yatsanka, kalmar ta bayyana, har da damar kwafe ta. In na wani wuri kake nema, ba wanda kake kai ba, akwai Edit a saman shafin Wi-Fi, shi zai jero maka duk waɗanda wayar ta sani. A wannan ɓangaren iPhone ta fi wayoyin Android da yawa, domin tsarin iri ɗaya ne a kowace, babu lalube.

To wace iPhone ce ke ɗaukar iOS 16? Daga iPhone 8 zuwa sama. iPhone 7 da 6s sun tsaya a iOS 15, kuma babu sabuntawar da za ta tsallakar da su. Mai irin wannan ba zai ga kalmar a wayarsa ba, duk abin da wani zai gaya masa a kasuwa.

A Satumban 2024 iOS 18 ya ƙara da manhaja mai zaman kanta mai suna Passwords, da ɓangaren Wi-Fi a ciki, kuma a nan ne mai iPhone yake iya fito da zanen QR don wani ya haska. Wannan daga iPhone XR da XS zuwa sama ne. iPhone 8 da iPhone X sun tsaya a 16: suna nuna haruffa, ba su da wannan manhajar.

Akwai kuma tsohuwar hanyar da ta zo tun iOS 11 a 2017, wadda ko iPhone 7 tana yi. In wani mai iPhone ya zaɓi Wi-Fi ɗinka yana tsaye kusa da kai, saƙo zai fito a wayarka yana tambaya ko ka yarda a ba shi kalmar. Ka amince, ya hau, bai ga komai ba. Sai dai sharuɗɗanta suna da yawa: Wi-Fi da Bluetooth a kunne a wayoyin biyu, kowa yana cikin asusunsa na Apple, kuma adireshin imel ɗin da kowannenku ya buɗe asusun da shi yana cikin lambobin ɗan'uwansa. Wannan na ƙarshen ne yake kayar da mutane, domin mu lambar waya muke adanawa, ba imel ba. Kuma tsakanin kayan Apple kawai take aiki. A gidan da ake da iPhone ɗaya da Tecno biyar, amfaninta kaɗan ne. Akasin haka kuwa yana tafiya lafiya lau: kyamarar iPhone tana karanta zanen QR na Android ba tare da an sauke komai ba. Saboda haka a gida mai gauraye, wayar Android ce ya fi sauƙi ta zama mai rabawa.

In wayarka ta gaza

Kada ka yi saurin tafiya kan rauta. Duba hannun mutanen gidan tukuna. In taka Android 8 ce, wataƙila ta ƙanwarka 13 ce, kuma kalmar da ke cikin tata ita ce dai wadda kake nema. Mutane suna mantawa da wannan saboda sauƙinsa.

Laftof ma tana ajiye ta. A Windows, ka buɗe Command Prompt, shafin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, da ikon mai kula da kwamfutar, ka rubuta netsh wlan show profile name="sunan Wi-Fi ɗin" key=clear, ka danna Enter. A cikin rubutun da zai zubo ka nemi layin Key Content, abin da ke gabansa shi ne kalmar. Wannan yana aiki ko a tsohuwar Windows 7, kuma yana fito da na kowane Wi-Fi da laftof ɗin ta taɓa hawa. Ga mai shagon buga takardu ko cike fom na jarabawa, wanda kwamfutarsa ta fi wayarsa daɗewa a kan layin, wannan ta fi kowace hanya kusa.

In kuwa hotsifot ɗin wayarka ne ka manta kalmarsa, babu wani bincike: tana nan a rubuce a saitin hotsifot ɗin, ka duba ko ka sauya.

Zuwa kan akwatin kansa

Wannan hanyar mai akwati ce, kuma matakai uku ne da ake yawan cakuɗa su alhali nauyinsu ya sha bamban.

Mafi sauƙi shi ne juya akwatin. Kusan kowace rauta tana da takarda manne a ƙasa ko a baya, ɗauke da sunan Wi-Fi da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. A MiFi, irin waɗanda MTN da Airtel da Glo suke sayarwa, takardar takan kasance a cikin murfin baya ko a ƙarƙashin batir. In ba a taɓa sauya kalmar ba, ka gama. Ka dai lura da harafin O da sifili, da ƙaramin L da lamba ɗaya, domin rubutun ƙanana ne kuma babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wajen rauta.

In an sauya, sai shafin kula da rautar. Da wayar da ke haɗe da ita, ka buɗe burauza ka rubuta adireshinta a sama. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. In babu wanda ya buɗe, duba bayanan Wi-Fi ɗin a wayarka: lambar da ke gaban Gateway a Android, ko Router a iPhone, ita ce adireshin. Abin da nake so a wannan hanyar shi ne ba ta damu da shekarun waya ba, ko mai Android 6 tana buɗe shafin, kuma ko data ta ƙare yana buɗewa, domin da akwatin kake magana kai tsaye, ba da intanet ba. Shafin zai nemi sunan shiga da kalmar sirri, kuma a nan ake tuntuɓe: wannan ba kalmar Wi-Fi ba ce, ta mai kula da akwatin ce, daban take. Ita ma takan kasance a jikin takardar, sau da yawa admin ce kawai. Da ka shiga, ka nemi ɓangaren Wi-Fi ko WLAN. Wasu rautocin suna nuna kalmar in ka danna zanen ido, wasu kuwa ba sa nunawa, dama kawai suke ba ka ta rubuta sabuwa.

Kafin ka rubuta sabuwa, ƙirga abin da ke rataye a kan tsohuwar. Da ka adana, komai zai sauka: wayoyi, talabijin, firinta, kyamarorin tsaro, har na'urar POS in da Wi-Fi take aiki. Wayoyi ba matsala ba ne. Kyamarar da aka kafe a saman katanga kuwa, wadda sai an sa tsani an sake saita ta, ita ce aikin. Mai shago a titin Ahmadu Bello da layin kwastomomi a gabansa bai kamata ya yi wannan da tsakar rana ba, ya bari sai an tashi.

Mataki na ƙarshe shi ne risetin: ɗan ramin nan da ake zura allura ko tsinke a danne na kusan daƙiƙa goma. Akwatin zai koma yadda ya fito daga kwali, kalmar da ke kan takarda ta dawo aiki. Ga MiFi mai layin waya a ciki, galibi ba a samun matsala, yana sake kama sabis da kansa. Amma ga rautar da aka jawo mata waya ko aka kafa mata faranti a kan rufi, akwai saitin da ma'aikatan kamfanin suka shigar ranar haɗawa, kuma risetin yana share shi. Sai ka ga Wi-Fi ya dawo da cikakkun sanduna amma babu intanet, ka koma jiran mai gyara. In irin wannan ce taka, kira kamfanin kafin ka ɗauki allura. Kuma in takardar ta goge ko ta ɓalle, kada ka yi risetin sam sai ka san kalmar da zai koma kanta.

Wasu za su ce maka akwai maɓallin WPS, wanda ake dannawa na'ura ta hau ba tare da kalma ba. Yana taimakawa ga firinta da wasu talabijin. Ga waya kuwa zamaninsa ya wuce: iPhone ba ta taɓa amfani da shi ba, Android ma ya cire shi daga saitinsa tun siga ta 9. Ga shi kuma tun 2011 aka gano rauni a tsarin lambarsa, don haka in ba ka amfani da shi, kashe shi ya fi.

Manhajoji da rutin

Ka rubuta neman kalmar sirrin Wi-Fi a Play Store, za ka ga manhajoji rututu, da hoton makulli da taurari. Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa ba za su iya abin da suke faɗa ba. Android yana ajiye kalmomin a wani fayil na cikin tsarinsa, a da sunansa wpa_supplicant.conf, daga Android 8 ya koma WifiConfigStore.xml, kuma an gina wayar ne yadda babu manhajar da ka sauke da za ta iya leƙa wurin. Ba a yi haka don a wahalar da kai ba, an yi ne don kada wasan da yaro ya sauke ya kwashe sirrin gidanka. Saboda haka irin waɗannan manhajojin, ko dai su cika ka da talla sannan su tura ka saitin da da ma kana iya zuwa da kanka, ko su ce sai wayar tana da rutin, ko kuma su zama rumbun da mutane ke zuba kalmomin sirrin wuraren da suka taɓa hawa don wasu su ɗiba. Na ukun nan ne ya fi tayar min da hankali, domin wanda ya shiga neman na wasu yana iya ƙarewa da ba da na gidansu, ko na ofishin da aka amince masa. A 2019 an gano cewa wata manhaja irin wannan ta bar kalmomin sirrin Wi-Fi sama da miliyan 2 a fili a intanet, tare da wurin da kowane yake, babu ko makulli a kansu.

Rutin kuwa yana nufin karya shingen da ya hana a taɓa cikin tsarin wayar. Gaskiya ne, waya mai rutin tana buɗe wancan fayil ɗin. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba: a wayoyin zamani, matakin farko na rutin shi ne buɗe makullin tashin wayar, kuma wannan matakin yana goge duk abin da ke cikinta, har da kalmar da ka fito nema. Bayan haka garanti yakan tashi, kuma manhajojin banki da yawa suna ƙin buɗewa a waya mai rutin, don sun ɗauke ta a matsayin wadda tsaronta ya lalace. A garin da ciniki ya koma tiransifa, daga mai shayi har mai kayan miya, wa zai sadaukar da manhajar bankinsa saboda kalma guda? Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Haka ma kai waya wajen masu gyara. Akwai ƙwararru masu amana a cikinsu, a kewayen Kasuwar Sheikh Gumi da sauran wurare, kuma in allo ya fashe ko caji ya ƙi shiga wajensu za a je. Amma wannan aikin ba nasu ba ne. Ba su da wata hanya da ta wuce waɗanda na ambata, kuma don su gwada sai ka ba da lambar buɗe wayar, wato ka buɗe musu saƙonninka da hotunan iyalinka da layin da bankinka ke turo lambobi. In taimako kake buƙata, ka riƙe wayarka a hannunka, a nuna maka inda za ka danna.

Akwai Wi-Fi ɗin da duk wannan bayanin bai shafa ba: irin na manyan makarantu da ofisoshi da otal-otal, inda kowa ke shiga da sunansa da tasa kalmar, ko inda wani shafi ke buɗewa ya nemi lambar tikiti. Babu kalma guda ta kowa da kowa balle a fito da ita ta QR. Ofishin da ke kula da kwamfutocin wurin, ko teburin karɓar baƙi, su ne hanya.

Bayan ka gano ta

Sauƙin da ya taimake ka shi ne kuma yake zubar da datar gidaje da yawa. Duk wanda ka haɗa, ko kai ka karɓi wayarsa ka rubuta da hannunka kana karewa, zai iya fita waje ya danna Share ya ba abokinsa, abokin ya ba wani. Dabarar nan ta "kawo in sa maka da kaina" ta daina aiki tun 2019. Kuma mu mutane ne masu kunya: Baffa ya miƙo waya ya ce, "Kai, haɗa min abin nan naku," babu mai cewa a'a, bai ma kamata a ce ba. Matsalar ba Baffa ba ce, jikansa ne da zai karɓi wayar da yamma. Haka za ka ga datar wata ta ƙare a mako biyu, samari kuma sun mayar da dakalin ƙofar gidanka majalisa.

In rautarka tana da Guest network, kunna shi. Wi-Fi ne na biyu mai suna daban da kalma daban, shi za ka riƙa ba baƙi, ka sauya kalmarsa duk lokacin da ka ga dama ba tare da talabijin ko kyamara sun sauka ba. Ga mai shagon aski, ko ɗinki, ko gidan abinci da ke ba kwastomomi Wi-Fi, wannan ya fi komai dacewa. A shafin rautar kuma akwai jerin na'urorin da ke haɗe, yana da kyau a riƙa leƙawa. Toshe baƙuwar waya ɗaya-ɗaya yana ragewa, amma ba ya maganin abin, domin tun Android 10 da iOS 14 wayoyi suna iya sauya lambar shaidar da rauta ke gane su da ita. Sauya kalmar ne yake yanke magana. Tsarin yana karɓar daga harafi 8 zuwa 63, don haka akwai fili. Ka guji lambar wayarka, wadda rabin unguwa ke da ita, da sunan ɗanka haɗe da shekarar haihuwarsa. Kalmomi uku ko huɗu na Hausa marasa alaƙa da juna, da lamba a tsakani, sun fi wuyar zato kuma sun fi sauƙin riƙewa. Ka rubuta ta a littafin da ake ajiye takardun gida, ka gaya wa mutum na biyu inda take.

Sai wanda ke shirin canza waya. In daga Android za ka koma Android kuma ajiyar Google tana kunne, Wi-Fi ɗin da ka adana suna biyo ka sabuwar, haka ma daga iPhone zuwa iPhone ta iCloud, ajiyar Apple. In tsallakawa za ka yi daga ɗaya zuwa ɗaya, kada ka dogara da hakan. Kafin ka goge tsohuwar ka kai ta kasuwa ko ka ba ƙaninka, buɗe jerin Wi-Fi ɗin da ta sani, ka kwafe na gida, na shago da na gidan iyaye, ka gwada su a sabuwar ka ga sun hau, sannan ka goge.